Jirage Biyu a Bakin Ruwan Tiga

Uwargida, in ke ma a cikin Kano kike rainon 'ya'yanki kamar ni, na san iyakar ruwan da suka sani: na jarkar ɗan garuwa, na famfo ran da aka yi sa'a ya zo, sai kuma wanda yake cika kwata ya shigo mana soro a watan Agusta. Mu a Ƙauyen Alu ko kududdufan da muka taso ana tsawatar mana a kansu, yawanci an cike su an yi gini. Saboda haka da babban ɗana ya shigo da hoton wani ɗan ajinsu zaune a jirgin ruwa, ya yi ta nuna wa ƙannensa har suka haɗa baki suka hana ni sakat, sai na ce to, bana an ɗaga wa gidan zu ƙafa, Tiga za mu je yawon Sallah. Na faɗa ne kawai don su ƙyale ni in gama suyar cincin. Ashe Abbansu yana ji daga ɗaki, kuma shi ma tun yana sakandare rabonsa da wurin.

Kwana uku da ƙaramar Sallah muka fita, mu bakwai in kin ƙirga da jaririya: ni da Abbansu, yara uku, sai ƙanwarsa da goyonta 'yar wata bakwai. In za ki je, ki yi sammako. Tafiyar kusan kilomita 70 ce, kuma akwai dalilin da ya sa ba kya son rana ta karkata kina kan ruwa, zan zo miki kansa.

Daga gida titin Zariya za ki faɗa, ki ba Gyadi-Gyadi baya, ki ratsa hayaniyar tashar Unguwa Uku da Na'ibawa, har ki haye gadar Tamburawa. A nan ki nuna wa yara matatar ruwa, ki ce musu wani kaso na ruwan famfon Kano daga inda za ku je yake tasowa. Da kin doshi Kura sai ƙasar ta canja kama. Lokacin bazara ne, ko'ina ya ƙone ƙurmus, amma nan fadamu ne kore shar har iya ganinki: masara, albasa, tumatir, da filayen da ake gyarawa don shinkafa. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir ne jere a bakin titi ana loda wa manyan motocin da za su yi Kudu. Ki daure kada ki tsaya, ki bari sai a dawowa, in ba haka ba tumatirin zai dahu a but ɗin mota kafin la'asar. Duk wannan koren da kika gani ruwan Tiga ne ake sakowa ta magudanai yake shayar da shi.

Bayan Ciromawa sai ki bar babban titi ki kama hanyar Bagauda, inda tsohon otal ɗin bakin tafki ya zama makarantar horar da lauyoyi. Daga nan Tiga ba nisa. Marigayi Audu Baƙo, gwamnan Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa aka tare kogin Kano a nan. An fara aikin a 1971, aka gama a 1974. An gina dam ɗin ne ta yadda in ya cika faɗin ruwansa zai kai murabba'in kilomita 178, ya kuma ɗauki abin da ya kusa kubik mita biliyan 2. Ni waɗannan alƙaluman ba su zauna mini a kai ba sai da muka fito daga mota. 'Yar autata mai shekara huɗu ta tsaya cak, ta kama gefen hijabina, ta kalli ruwan da ba ta ga ƙarshensa ba, ta ce, "Umma, wa ya bar famfo a buɗe?"

Bakin ruwan cike yake da 'yan yawon Sallah. Mata suna suyar karfasa da tarwaɗa, ƙamshi ya cika wurin, samari suna ta ɗaukar hoto, masunta kuma suna can gefe suna ɗinkin koma kamar ba su san ana wani shagali ba. A tsakiyar wannan ne muka tarar da su: jirage biyu masu inji, kafaɗa da kafaɗa, hancinsu a kan yashi.

Wallahi daga inda muke tsaye kin ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu irin na faiba ne, fari da shuɗi, tsawonsu ɗaya, kowanne da injin Yamaha mai lamba 40 rataye a baya. Zagaye ɗaya suke yi, su kai ki wajen wasu duwatsu su dawo. Kuɗin ma bambancinsa bai kai na kwalbar lemo biyu ba. Abin da ido zai fara kamawa kawai shi ne na dama ya sha sabon fenti, an yi masa rumfa, ga lasifika tana tashi, ga saurayi mai baƙin tabarau yana kiran, "Hajjaju, ku taho, saura kaɗan mu tashi!" Na hagu kuwa fentinsa ya koɗe, ba rumfa, har da faci a gefe ɗaya, mai shi wani dattijo ne zaune yana warware igiya, ko ɗago kai bai yi ba.

Yara suka yi dama a guje. Abbansu ya sa hannu a aljihu. Ni kuma ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Bagwai ce ta faɗo mini. Na san ke ma ba ki manta ba. Ranar Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka ruwan dam ɗin Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki 'yan Islamiyya ne, za su taron Maulidi. Bai kai gaɓa ba. Gawa 29 aka fara tsamowa, akasari yara, kuma hukumomi suka ce lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Allah ya jiƙansu, ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar ba jirgin ba ne, iyayen ne. Uwa ta yi wa yarinya kitso, ta sa mata sabon hijabi, ta ƙulle mata ɗan kuɗin alewa a gefen zane. Babu wadda ta yi sakaci a cikinsu da saninta. Jirgin da ake shiga kullum ne, kowa yana shiga, wa zai tsaya ya ƙirga kawuna? Kuma a wannan ruwan dai, a 2008, jirgin 'yan rakiyar amarya ya taɓa kifewa.

Sai na ce wa Abbansu ya dakata in duba. Ya kalle ni, ya kalli mutane, ya rage murya ya ce, "Ke dai kin fiye tsoro. Duba me? Ke makanikiya ce?" Ƙanwarsa ta ce, "Haba Yaya, ai in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi." Gaskiya ta faɗa, ban musa mata ba. Amma ita ɗin nan ba ta taɓa barin 'yarta ta kwana ba gidan sauro ba.

Ina so in gaya miki gaskiya, abin da ya fi yi mini wuya a ranar ba sanin jirgi ba ne. Kunya ce. Mace ta ratsa maza, ta tattare zane, ta leƙa cikin jirgin mutum tana yi masa tambayoyi kamar 'yar sanda, ga miji a tsaye yana jin nauyi, ga yara suna bubbuga ƙafa. An raine mu a kan kada mu zama masu tsirfa a gaban jama'a. Sau nawa kika shiga adaidaita sahu da aka cusa muku mutum na biyar kika yi shiru don kada a ce kin fiye ƙorafi? To a titi in abu ya faru akwai ƙasa a ƙarƙashinki. Na haɗiye kunyar na matsa.

Tambaya ɗaya na yi wa kowannensu, kuma in ba za ki riƙe komai daga wannan rubutu ba, ki riƙe ta: mutum nawa kake ɗauka?

Saurayin ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ko nawa ne. Wannan ai jirgi ne, ba kwale-kwale ba." Dattijon ya ce, "Takwas, ni na tara. Yaro ma mutum ne." Shi ke nan. Wanda ya ba ki lamba ya taɓa zama ya yi tunanin inda jirginsa zai gaza. Jiragen da aka ƙera a masana'anta sukan zo da ɗan allo manne kusa da inji da ke faɗin yawan mutane da nauyin da za su ɗauka, amma a irin wuraren nan sau da yawa za ki tarar ya goge ko an shafe shi da fenti, sai dai ki dogara da bakin mai jirgi da kuma idonki.

Idon kuwa ga abin da zai duba. Ki tsaya a gefe ki bari mutane su shiga, sannan ki kalli tazarar da ta rage tsakanin fuskar ruwa da leɓen jirgi. Wannan tazarar ita ce duk jarinku. Kowane mutum da ya shiga yana cin wani abu daga cikinta. Muna tsaye na ƙirga goma sha huɗu a na dama, ana kuma kiran ƙari, leɓensa ya sauko har ina ganin da yaro ya miƙa hannu zai wanke shi har gwiwar hannu ba tare da ya sunkuya ba. A bakin gaɓa inda ruwa yake kwance, hakan ba ya nuna komai. A tsakiya ne, in iska ta taso ko wani jirgi ya wuce ya turo igiyar ruwa, za a san an ci bashi. Ruwa kaɗan ya tsallako leɓe, jirgi ya ƙara nauyi, ya ƙara nutsewa, na biyu ya shigo cikin sauƙi fiye da na farko. Ruwan da ya shiga kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara danne shi. Daga nan sai mutane su firgita su miƙe su yi gefe ɗaya. Yawancin jiragen da kike ji sun kife, haka suke kifewa, ba wai sun tsage biyu ba.

Sai rigar kariya, wato rigar nan mai ruwan lemo da take hana mutum nutsewa. A nan na kusa ruɗuwa, don na dama ya fi yawan riguna, kuma sun fi sabunta. Amma ina suke? Wasu an cusa su a hancin jirgi an ɗaure da igiya, wasu an shimfiɗa a kan benci ana zama a kai don katako ya yi zafi. Babu ko mutum ɗaya da ya sa a jikinsa. Na tambaya, ya ce, "In ana buƙata ai ga su nan." 'Yar'uwa, jirgi ba ya sallama kafin ya kife. Ba za ki kwance igiya, ki nemo riga, ki sa wa yara uku, ki ɗaure musu maɗauri a cikin ruwa ba. Kuma soson da ke cikin rigar shi ne yake ɗaga mutum, in aka mai da ita matashi ana danne ta kullum, sai ya lotse ya rage ƙarfi. Dukansu kuma na manya ne.

Na dattijon guda takwas ne cif, sun koɗe, ɗaya an yi mata ɗinkin hannu a kafaɗa, amma maɗauransu duka suna kamawa, biyu kuma ƙanana ne. Ya ce ba ya tayar da inji sai kowa ya sa. Ba alfarma yake yi ba, doka ce: NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa mai hedkwata a Lokoja, ta wajabta sa rigar ga duk wanda ya shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare. Doka dai tana Lokoja, ke kuma kina Tiga, babu jami'in da zai zo ya ɗaure wa ɗanki maɗauri.

Ga yadda ya gwada wa Auta tata, ki koya. Ya ɗaure ta tsaf, sannan ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama. Ya ce in rigar ta zamo ta haura kunnuwan yaro ko haɓarsa ta shige ciki, ta yi masa yawa, a ruwa rigar za ta taso ta bar shi a ƙasa. Ta Auta ta tsaya. Ta 'yar tsakiyar, mai shekara tara, sai da aka ƙara tsuke ta. Ni kuma na sa tawa a ƙarƙashin hijabi don sutura, ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, ki naɗe hijabin ki cusa a ciki, rigar ta hau kai. Yadi mai yawa in ya jiƙe nannaɗe mutum yake, ya rufe masa fuska." Ban ji daɗi ba, don na fito kamar buhun gero, amma na yi. In za ki je, ki sa ƙaramin hijabi da wando a ƙarƙashin zane, ki huta.

Sauran abubuwan na gan su ne don shi ya nuna mini, da ya ga ina da son tambaya. Filafili biyu a kwance a ƙasan benci, saboda ran da inji zai mutu a tsakiyar ruwa. Jarka da aka yanke wa kai don kwarfe ruwa. Doguwar igiya da jarkar da ba komai a cikinta ɗaure a bakinta, wadda za a jefa wa wanda ya faɗa. Sai wata 'yar jar igiya da ta taso daga inji ya ɗaura a wuyan hannunsa: in shi ya faɗa ruwa, za ta fizge, inji ya mutu nan take, maimakon jirgi ya yi ta gudu da ku ba matuƙi. Na waiga na dama, tasa a naɗe take a jikin inji. Facin da ya tsorata ni kuwa, na shafa shi ta ciki na ji a bushe yake ƙayau. Ƙasan na dama da ke ƙyalli, akwai ruwa kwance da ya kai ya jiƙa takalmi. Kama da wane dai ba wane ba ce.

Na ce na hagu za mu shiga. Babban ɗana ya kumbura kamar zai fashe, don babu kiɗa, kuma hoton ba zai yi kyau ba.

Sai ga wata matsalar da ban hango ba. Dattijon ya kalli ƙanwar mijina da goyonta ya ce ba shi da rigar da za ta yi wa jaririya, saboda haka ba zai ɗauke ta ba. Ta ce ai a bayanta take, ta ɗaure ta da zane da majanyi. Ya ce wannan ne ma ya fi ba shi tsoro. Rigar kariya an yi ta ne ta kwantar da mutum rigingine fuskarsa na sama, to wanda yake goye a baya ina zai kasance? In kuma aka rungume ta a hannu, faɗuwa ɗaya hannu zai saki. Ta yi fushi sosai, da ni ta yi ma ba da shi ba, don tana ganin da mun bi na dama da babu wanda zai ce mata uffan. Kuma haka ne. Na ce ta kawo yarinyar in riƙe, ita ta shiga, ta ce ta fasa. Muka bar ta a inuwa wajen masu suyar kifi tana cika tana batsewa. Har yau in maganar ta taso sai ta ce na hana ta shiga jirgi ranar Sallah.

Sai da ya ja igiyar inji sau uku kafin ya tashi, kuma a ja na biyu Abbansu ya yi mini wani kallo da na gane fassararsa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na zaɓo mana ruɓaɓɓe. Da ya tashi, dattijon bai saka giya ba, ya tsaya yana kallon bayan injin har sai da wani siririn ruwa ya fara tsartowa. Ya ce wannan ne shaidar ruwa yana zagayawa yana sanyaya inji, in babu shi ba a tafiya, inji zai yi zafi ya tsaya. Ya zaunar da mu yadda yake so, ba yadda muke so ba: Abbansu a wannan gefe, ni a wancan, yara a tsakiya, da wasu ma'aurata biyu da suka biyo mu. Ya ce ba a miƙewa, ba a sauya wuri, mai son hoto ya ɗauka a zaune.

To, uwargida, duk abin da na faɗa miki a baya kada ya hana ki zuwa, don abin da ke gaba ya cancanci wahalar. Da muka bar gaɓa sai hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa. Zafin nan na bazara da ke gasa mu a Kano ya ɓace, iska mai sanyi tana dukan fuska. Duwatsu sun leƙo daga cikin ruwa, tsuntsaye farare jere a kansu. Wani masunci shi kaɗai a ɗan kwale-kwale ya miƙe ya watsa birgi, ta buɗe a sama kamar faifai kafin ta sauka. 'Yar tsakiyar tawa, wadda ba ta rufe baki ko a barci, ta yi tsit. Ni kaina rabon da in zauna minti ashirin ba mai kiran "Umma" ba, ba wayar da ke ƙara, na manta.

Na lura ba ya miƙewa sak, sai ya yi ta kewaye wuraren da ni ban ga komai ba. Na ce, "Baba, me kake kaucewa?" Ya rage wuta ya nuna mini wani baƙin abu da ƙyar ya ɓullo. Kututture ne. Ya ce kafin a tare kogin nan duk gonaki ne da itatuwa da garuruwa, an tashi mutane an mai da su tudu, itatuwan kuma suna nan tsaye a ƙasa. A ƙarshen rani, da yake ana ta sakin ruwa don noman rani, ruwan yana ja baya, kawunansu su matso kusa da sama. Wanda ya san wurin ya san inda suke, baƙo kuwa sai ya ji ƙara. Wannan ba abin da za ki gani a jikin jirgi ba ne, shi ya sa yana da kyau ki tambayi mai jirgi tun yaushe yake aiki a wannan ruwan, ba a wani ba.

Shi ne kuma ya gaya mini dalilin sammakon da na ce miki. Da safe ruwa yakan kwanta. In rana ta karkata iska takan tashi, kuma daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina hadari yana haɗuwa daga gabas cikin ɗan lokaci, iskar da ke gabansa ita ce mugun abu, ba ruwan saman ba. Ya ce shi da ya ga gabas ta yi baƙi yake juyawa, ko an biya shi. Ga kuma duhu. Jirgin da ya kife a yankin Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, ya ci mutum fiye da 100 'yan dawowa daga biki, cikin dare yake tafiya.

Wani abin da ya ce ya tsaya mini. Na tambaye shi in yaro ya faɗa me zan yi, ya ce, "Kin iya ruwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To ki zauna. Ki yi ihu, ki nuna shi da hannu kada idonki ya bar kansa, a jefa masa jarka. Uwa takan bi ɗanta, sai mu nemi mutum biyu." Ya ce kuma wanda ruwa yake ci ba ya kururuwa kamar a fim, shiru yake yi, kai ya leƙo ya koma. Daga baya na ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutum wajen 300,000 ne suka nutse a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ba duka a dam ba. Har da rijiya, da kududdufi, da bahon wanki a tsakar gida.

Da muka sauka yara suka so su faɗa ruwan bakin gaɓa su yi wanka kamar yadda suka ga 'yan garin suna yi. Nan ma na hana, na ƙara baƙin jini. Irin wannan ruwan da ke kwance, mai ciyayi da dodon koɗi ƙanana, shi ne gidan tsargiya, ƙwayar cutar ta fata take shiga, sai bayan makonni ki ga yaro yana fitsarin jini. Tana da magani a asibiti, amma gara a ci kifi a koma gida. Kifin kuwa ki ci. Karfasa mai zafi da yaji da albasa, a kan takarda, ƙanwar mijina ma sai da ta sauko ta ci biyu.

Muna cikin ci na dama ya dawo daga zagayensa na biyu, maƙil da mutane, kiɗa na tashi, 'yan mata suna tsaye suna ɗaga waya sama. Ya zo ya soki yashi lafiya lau. Kowa ya sauka yana dariya, ko gefen zanen wani bai jiƙe ba. Saurayin ya hango ni ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Hajjaju, kin gani ko?"

Babban ɗana bai yi mini magana ba har muka baro Bagauda. A Kwanar Gafan muka tsaya na sayi kwandon tumatir, muka yi ciniki da ƙanwar mijina za mu raba, alamar an fara shiryawa. Sai da muka hango fitilun Na'ibawa, ƙannensa sun yi barci a jikina, ya juyo daga kujerar gaba ya ce, "Umma, to ai ba abin da ya same su."

Na ce, "Na gani."

Ya jira in ƙara wani abu. Abbansu ma na ga ya rage rediyo. Na gyara wa Auta kwanciya, na ce a tsaya a Unguwa Uku a sayi burodi, don babu mai ƙarfin ɗora tukunya a daren nan.